Kujera Ɗaya Ta Isa

Talata, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Na kawo Baba Birnin Kebbi. Da kaina na je Argungu na ɗauko shi, shi da Inna, don na gaji da jin "ya ji sauƙi" a waya. Sauƙin me? Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Abinci sai ya tsakura ya ture, mutumin da ke tashi da malmalar tuwon shinkafa uku shi kaɗai. Ƙannena maza suna garin, kowa yana jiran wani ya fara motsi. To, ni na motsa. Ni ce 'yar fari, in ban tsaya ba wa zai tsaya?

Mun ga likita da hantsi. Ashe Olumide ne, ɗan Mama Bisi mai shagon kwanuka a babbar kasuwa, yaron da na sani tun yana yawo da gajeren wando yana lasar alawa. Yanzu wai Dakta. Da ya buɗe baki ya gai da Baba, wallahi Kabancinsa, Hausarmu ta Kabi, ya fi nawa.

Ya duba takardar gwajin jinin da aka yi a Argungu, ya ce ƙoda ce. Duka biyun sun gaji, kuma ba yau suka fara ba. Ya ce, "Anti Rauda, sanin cewa ƙoda ce ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne mu gano abin da ke cin ta. A dattijai abubuwan da yawa: suga, hawan jini, magungunan ciwon jiki, jiƙe-jiƙe, ko wani abu ya toshe hanya. In mun gano da wuri, muna iya tsai da shi. In ba mu gano ba, ƙarshenta wankin ƙoda."

Baba ya ɗago kai. "Wanga wanki, sau guda na?"

"A'a Baba. Kowane mako ne, har abin da Allah ya yi."

"To, ba a jona ni ga inji. A mai da ni gida."

Na ce babu inda za a mai da kowa. Kujeru biyu ne a gaban teburin likitan, na ja ɗaya na zauna dab da Baba, na ajiye jakata a cinya. Olumide ya yi ta tambaya: barci, cin abinci, ciwon kai, bayan gida, fitsari. Duk abin da aka tambaya Baba sai ya ce, "Lahiya lau." Ni ce na riƙa cike gurbin. Da Olumide ya ce ko zan ɗan ba su wuri ya duba cikinsa, na ce haba Olumide, ni? Baba ko sunan maganin da ya sha jiya ba ya riƙewa, in na fita wa zai ba ka amsa? Ya yi murmushi ya kalli Baba. Baba ya ce a bari sai wani zuwa. Layi ya yi tsawo a waje, sai muka tashi.

Zan gano abin nan da yardar Allah. Ban taɓa sa abu a gaba ya gagare ni ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, da yamma

Babu suga. An cire ɗaya.

Jininsa ya ɗan hau, amma Olumide ya ce ba a sani ba tukuna, ko hawan jinin ne ya taɓa ƙodar, ko ƙodar ce ta hau da jinin. Ya rubuta ƙwaya ɗaya kullum.

Da Baba ya shiga wanka na zazzage jakarsa. Na san ba kyau, oho. A aljihun gefe na samu ƙullin leda da ƙwayoyi kala-kala, ja da fari da ruwan ɗorawa, irin haɗin da masu kemis ke ƙulla wa manoma don ciwon jiki. Yawwa! Na kai wa maigidana Abdussamadu har falo ina rawar jiki. Na ce ga ɓarawon nan na kama. Ya ce in bari likita ya faɗa. Shi dai komai sai a bari.

Jumma'a, 11 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Baba bai je Jumma'a ba. Abdussamadu ya fito da mota har bakin ƙofa, ya rusuna ya ce, "Baba, an shirya." Baba ya ce ƙafa ba ta bari. Amma da safen nan na gan shi ya taka har bakin titi yana kallon masu lodin albasa, ƙafar ba ta hana shi ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Malam Sirajo Ladan fa ake magana. Tun ina goye muryarsa ke tashin unguwarmu. Ko ranar da ruwa ya cinye mana shinkafa a fadama, ya kira magariba kafin ya zauna ya yi jimami. Sai ga shi tun kafin azumi ya miƙa wa wani lasifika, ya daina fita jam'i, yana salla a ɗaki shi kaɗai. A Argungu ana ta raɗe-raɗin wai sun saɓa da liman. Na tambayi Inna, ta ce ita ba ta ji ba, ta ci gaba da tankaɗe.

Inna dai sai haƙuri. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ko "waccan". Baba kuma Malama yake ce mini tun da na fara koyarwa. Kunyar ɗan fari ke nan, na saba. Amma yau na so a ce wani ya kalle ni ya yi mini magana sak.

Kuma azumi yake yi. Wai Sitta Shawwal. A wannan zafin da ko fanka iskar wuta take hurawa.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da azahar

Yau ma azumi.

Litinin, 14 ga Afrilu, da yamma

Na ajiye wa Olumide ƙullin ƙwayoyin a kan tebur kamar mai kawo shaida gaban alƙali. Ya warware, ya ware su da bakin biro. Ya ce lalle biyu daga ciki suna cutar da ƙoda, kada Baba ya ƙara sha ko da wasa. Na kalli Baba na ce ka ji ko? Sai Olumide ya tambaye shi tun yaushe yake sha. Baba ya ce lokacin cirar albasa kawai, in baya ya riƙe.

"To, sun taimaka wajen ɓarna," in ji Olumide, "amma ban yarda su kaɗai ba ne. Akwai saura."

Raina bai so ba. Na riga na gama shari'ata.

Ya ce sai an yi hoton ciki, a ga girman ƙodojin da hanyar da ke ƙasansu. Ya sake tambayar Baba maganar fitsari, har sau biyu, yana sassauta murya. Baba yana kallon kalandar bango ya ce, "Lahiya lau." Na ce wa Olumide ai ka ji, mu wuce wurin. Ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi da tambayar kanwa, don Inna ba ta miya sai da ita.

Mai hoton ta ba mu gobe. Ta ce ya sha ruwa sosai kafin ya zo, kuma ya riƙe kada ya zagaya sai an gama. Abu mai sauƙi.

Talata, 15 ga Afrilu, da hantsi

Ba mu je ba.

Na kawo ruwa mai sanyi a jug na tsaya a kansa. Ya ce, "Azumi nikai." Na ce Baba, Sitta Shawwal kwana shida ce, taka ta zarce goma, wace irin sitta ce wannan da ba ta ƙarewa? Ya ce yanzu nafila yake yi. Na ce Allah bai ce ka kashe kanka ba, marar lafiya ko farilla an sauwaƙe masa, kai ka koya mini! Muryata ta tashi har 'yan makwabta suka leƙo ta katanga. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai yau.

Ya kalli jug ɗin nan, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Leɓensa duk ya tsattsage. Mutumin nan ƙishirwa yake ji kamar me, amma ya juya fuska bango.

Ko da magariba Inna ta ce kurɓa biyu yake yi ya ajiye kofi.

Taurin kai ne irin na tsofaffi. Zan bi ta wata hanya.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan na dawo daga Argungu

Na ɗauki hutun yini a makaranta na tafi bincike. In bakinsa ba zai faɗa ba, gidansa zai faɗa.

Na duba ɗakinsa, na kwaso kwalaben jiƙo guda biyu. Na sa aka kai ni gonar albasa a kan babur, na ga jarkokin maganin feshi a ƙarƙashin bishiya, na ɗauki hotonsu a waya ko da a ciki ake zuba ruwan sha. Ƙanena ya rantse ba a taɓa ba. Na ce rantsuwarka ta dame ka, likita zan nuna wa.

Daga nan na biya wurin Baba Tamba, aminin Baba tun suna yara, yana gyaran komar kamun kifi a ƙofar gida. Na nuna masa kwalaben. Ya yi dariya har da tari. Ya ce saiwar sabara ce da tsamiya, shi ya ba shi, kuma ko buɗewa bai yi ba, in duba bakin. Na duba, gaskiya ne, a liƙe suke.

Ya ce Baba ya daɗe da barin majalisarsu. In ya zo ma a tsaye yake gaisawa, ba ya zama bisa tabarmar kowa. Sai ya ajiye zaren ya dube ni.

"Likitan nan, namiji na?"

Na ce namiji ne.

"Madalla. To ke, in suna magana, ina kike?"

Na ce ina ciki mana, kusa da shi, ko minti ɗaya ban taɓa barinsa ba.

Ya ce, "Uhm." Ya ɗauki zarensa. Can ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata, kina ƙoƙari."

Na ji daɗi. Aƙalla akwai wanda ya san ina ƙoƙari.

Asabar, 19 ga Afrilu, da rana tsaka

Olumide ya kalli hotunan jarkokin a waya ya ce a daina ajiye su kusa da ruwa, amma shi hoton ciki yake jira. Sai hoton ciki, sai hoton ciki.

Na zagaya bayan gida in shanya lulluɓina, sai na tarar da Baba a tsugune bakin famfo yana wanki. Da hannunsa, da kumburarrun ƙafafun nan. Wanduna ne. Akwai wasu a kan igiya sun riga sun bushe, duk wanduna, babu riga ko ɗaya. Na ce haba Baba, ga mai wanki na zuwa gobe, kawo. Na miƙa hannu. Ya janye bokitin da sauri har ruwa ya fantsamo, ya ce, "Bari!" da wata murya da ban san shi da ita ba.

Na bari.

Ɗakin da na sauke su ƙamshin turaren wuta ya yi yawa, Inna ba ta barin kasko ya mutu. Katifar da na saya sabuwa an jingine ta a bango. A kan tabarmar roba yake kwana. Na ɗauka zafi ne.

Zafi ne mana. Kowa ya san katifa da zafi.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da safe

Ban ga komai ba jiya. Wanki ne kawai.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

An sake gwajin jini. Ya ƙara lalacewa.

Baba ya fara shaƙuwa tun jiya, yana ta susar jiki, ya yi amai da safe. Olumide bai yi mini wasan da ya saba ba. Ya ce, "Anti, lokaci na tafiya. In zuwa jibi ba mu san dalili ba, dole mu fara shirin wanki." Na ce kai ne likita, kai za ka gano, ni na kawo maka ƙwaya, na kawo jiƙo, na kawo jarka, me kuma kake so in kawo? Ya ce, "Ba wani abu nake so ki kawo ba." Ban tsaya jin sauran ba, na ja hannun Baba muka fito.

A cikin Keke Napep Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malama, ran Jumma'a a mai da ni Argungu. Can ni so ta ishe ni."

Na ce ba za a mayar ba.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kuka. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji. Ubana zai mutu a hannuna ina riƙe da fayil ɗinsa a shirye tsaf.

Laraba, 23 ga Afrilu, da yamma

Inna tana tsintar shinkafa a faranti a ƙofar kicin. Na zauna nesa kaɗan ina yankan alayyafo. Can, idonta a kan shinkafar, kamar da farantin take magana, ta ce:

"Ɗakin likitan nan, kujera nawa ag ga marasa lahiya?"

Na ce biyu.

Ta fitar da wani ɗan tsakuwa ta jefar. Ta ce, "Guda ta isa."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ta tashi ta shiga da farantinta.

Na zauna da wuƙa a hannu. Wanduna a igiya. Tabarmar roba. Tabarmar mutane da ba ya zama a kai. Masallaci. Ruwan da yake kallo ya juya fuska. "Uhm" ɗin Baba Tamba. Olumide yana sassauta murya, ni kuma ina cewa mu wuce wurin.

Innalillahi. Kunya ta rufe ni har na ji kunnuwana sun yi zafi. Mutumin da ko sunana ba ya iya kira, shi nake jira ya faɗi wannan a gabana, ina zaune gwiwata na gugar tasa?

Kai, Rauda. Kai!

Alhamis, 24 ga Afrilu, da azahar, a bencin asibiti

Da aka kira mu na raka shi har bakin ƙofa. Na miƙa wa Olumide fayil ɗin na ce na manta wayata a wurin masu kati, su fara kafin in dawo. Wayar tana hannuna, dukansu suna gani. Olumide ya ce, "To Anti, kada ki yi sauri." Na ja ƙofar da kaina na rufe.

Ga ni a benci tsakanin wata mai goyo da wani tsoho Bafulatani mai sanda. Ba na jin komai daga ciki. An daɗe. Ban taɓa sanin zama ba tare da yin komai ba yana da wuya haka ba. Sau biyu na miƙe, sau biyu na koma.

Yanzu wani nas namiji ya shiga da tire a lulluɓe. Ya fito ya sake komawa da wani bokiti.

Alhamis ɗin dai, bayan magariba

An ba shi gado.

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Olumide ya same ni a baranda ya yi mini bayani, da izinin Baba, wai ya ce a gaya wa Malama amma ba a gabansa ba. Akwai wani nama a ƙarƙashin mafitsarar maza da kan kumbura da tsufa ya matse hanya. Na Baba ya daɗe da matsewa. Fitsarin ba ya fita sai ɗigo, mafitsarar kullum a cike, har ta riƙa yoyo ba da saninsa ba, sauran kuma yana komawa sama yana danne ƙodojin. Ya fi shekara a haka. Da ya ga tufafinsa ba sa zama da tsarki sai ya bar masallaci. Da ya ga ruwa na ƙara yoyon sai ya bar ruwa, ya fake da azumi. Rashin ruwan kuma ya ƙara wa ƙodar wahala a kan wahala.

Olumide ya ce yana ɗora hannu a mararsa ya ji ta kamar tulu. An sa masa roba. Abin da ya fita, ya ce ba zai gaya mini yawansa ba. An yi hoton a kan gado, ba a ma buƙaci ya sha komai ba, ya nuna abin da ake zato.

Na ce, da tun ranar farko ka taɓa cikin nan fa? Ya ce, "Ya kamata in nace. Laifina ne da na bar ki kika fi ni baki." Na ce kai dai faɗi gaskiya, tsoron Anti ka ji. Muka yi dariya, tawa da hawaye a ciki.

Na tambaye shi wanki fa. Ya ce a ba ƙodar kwanaki a ga abin da za ta yi da aka sauke mata kaya. Bai yi alkawari ba.

Jumma'a, 25 ga Afrilu, da safe

Yau ce ranar da ya ce a mai da shi gida. Ba wanda ya tada maganar.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da la'asar

Abinci nake kaiwa, in miƙa wa Inna a bakin ƙofar ɗakin maza, in gaishe shi daga nan. Ya ja zane ya rufe gefen gadon da jakar robar take. Ni kuma ina kallon fanka in muna gaisawa. Mun iya abinmu.

Shaƙuwar ta tsaya. An ce ya ci tuwo rabin malmala ya nemi yaji.

Talata, 29 ga Afrilu, da yamma

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Gwajin ya sauko, kuma yana kan saukowa.

Olumide ya ce in saurara da kyau kada in yi ta murna fiye da kima. Abin da ya lalace a ƙodar ba duka zai dawo ba, an daɗe ana danne ta. Baba zai rayu da ƙoda mai rauni: maganin hawan jini kullum, rage gishiri da kanwa, babu haɗin kemis har abada, gwaji duk wata. Robar za ta zauna tukuna, daga baya a duba ko magani zai isa ko sai an yi aiki. Amma wanki, a yanzu, babu.

Na ce maimaita. Ya maimaita.

Baba Tamba ya zo daga Argungu da ƙullin busasshen kifi, tare da liman. Ashe babu wani saɓani. Ina daga baranda ina jiyo Baba Tamba yana yi masa tsiya: "Kai Sirajo, tsohon banza, ka ishe mu da azumi muna cewa ka zama waliyyi, ashe tulu ka ɗauka ga ciki!" Ɗakin duka aka kwashe da dariya, har da marasa lafiyar gadon gefe. Na jiyo ta Baba a ciki. Rabon da in ji ta tun kafin azumi.

Da suka fito liman ya tsaya muka gaisa. Ya ce ya tuna wa Malam abin da shi ma ya sani sarai: mai irin wannan larura an yi masa sauƙi, ya yi alwalarsa ya shigo sahu kamar kowa. Ya ce, "Sanin hukunci daban, iya faɗin larura daban, Malama." Na ce haka ne. Ban ƙara komai ba, abin da ba halina ba.

Jumma'a, 2 ga Mayu, da hantsi

An sallame mu. Abdussamadu ya ce tun da aka kwantar da Baba na rage faɗa. Na ce ya jira in huta, zai gani.

Jumma'a, 9 ga Mayu, Argungu, bayan la'asar

Mun kawo su gida jiya. Inna ta ɗinka masa wata 'yar jaka da madauri, ta yadda robar za ta zauna a ƙarƙashin babbar riga ba mai gani. Ba ta nuna mini ba, a kan keken ɗinkin makwabciya na ga ragowar yadin.

Da azahar ya yi wanka ya sa farar rigarsa. Baba Tamba ya biyo masa. Na leƙa ta zaure ina kallon bayansu, suna tafiya a hankali, yana ɗan jan ƙafa, mutane suna ta tsayawa suna miƙa masa hannu. Bai karɓi lasifikar ba tukuna. Ya ce sai ƙarfi ya dawo. Amma ƙanena ya ce a sahun farko ya zauna, bisa tabarmar masallaci, har aka shafa.

Da ya dawo ya zauna a inuwar darbejiyar tsakar gida yana fifita da hula. Rana ta yi zafi ƙwarai. Ina bakin madafa ina jin su. Ya ce wa Inna, "Ce ma Malama ta kawo ruwa."

Inna ba ta ce mini komai ba, ta san na ji. Na ɗebo a randa da babbar moɗa, na durƙusa na miƙa masa, idona a ƙasa. Ina jin saukar ruwan a maƙogwaronsa, bai cire baki ba sai da ya shanye tas. Ya sauke numfashi. Ya miƙo mini moɗar, yana kallon wani wuri can bayan kaina.

"Ran Talata muna da likita ko?"

Na ce eh, Baba. Zan kai ka. Akwai benci a waje mai kyau.

Ya gyaɗa kai. Ya ɗan taɓa bakin moɗar da yatsa.

"Ƙaro."

Na ƙaro.